Tattalin Sanyi, Ruwa da Shinkafa: Jagora ga Gidajen Hausawa a Saudiyya

Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya da ke gudana rani da damina. Ruwan da ke zuwa famfo a Makka da Jidda, mafi yawansa ruwan Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri a manyan tashoshi irin na Shu'aiba, kudu da Jidda, aka turo shi ta bututu har ya hau duwatsun Ɗa'ifa. Cire gishirin da turo ruwan duk wuta suke ci, wutar kuma akasarinta da gas da man fetur ake samar da ita. Sanyin ɗaki daga nan yake. Shinkafar da muke dafawa kullum a jirgin ruwa take zuwa, galibi daga Indiya. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan sai da aka ƙona mai kafin ya iso hannunmu, hayaƙin man kuma shi ke ƙara wa duniya zafi. Wanda ya ga aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomi kuma suka sanar da rasuwar mutum 1,301, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ƙarin zafi ke nufi a wannan ƙasa.

Gwamnati na da nata manyan tsare-tsare. A 2021 ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa biliyan goma, ta kuma ce nan da 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. Wannan nasu ne. Mu kuwa, daga Misfala da Shari' Mansur na Makka zuwa unguwannin kudancin Jidda da Madina, yawancinmu 'yan haya ne. Ba mu da ikon canza bango, balle mu ɗora sola a rufin imarar wani, wato benen haya. Don haka matakan da ke tafe na ɗan haya ne, kuma an jera su ne bisa nauyinsu. Mutum ya ƙi karɓar leda a bakala, wato kantin unguwa, alhali mukayyif uku, na'urorin sanyaya ɗaki, na aiki a ɗakunan da babu kowa, a ganina bai fara ba tukuna.

Fara da fatura, sannan mukayyif

Matakin farko ba ya cin ko halala (halala ɗari ne riyal ɗaya). Ka buɗe faturar wutarka, wato takardar kuɗin wuta, ta watanni goma sha biyu da suka wuce, a waya ko a takarda, ka bar kallon kuɗin, ka dubi yawan yunit. Tun Janairun 2018 ana sayar wa gidaje yunit ɗaya, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, a kan halala 18 har zuwa yunit 6,000 a wata. Abin da ya haura nan halala 30 ne, ban da harajin kashi 15 cikin ɗari. Ka kwatanta watan Janairu da na Agusta. Tazarar da ke tsakaninsu kusan duk ta mukayyif ce, domin firji da fitila da talabijin ba su san rani ko hunturu ba. Ka rubuta lambobin nan biyu a wani wuri, da su za ka gane ko abin da za ka yi nan gaba ya yi tasiri.

Tsohon mukayyif na taga, mai tan ɗaya da rabi, yana jan kimanin kilowat biyu idan kwamfuresa na aiki. A ce ya yi awa 12 kullum, a wata ya ci yunit 720, kusan riyal 130 ke nan kafin haraji. Guda ɗaya fa. Gidan da ke da huɗu ya yi lissafi da kansa.

Sai ka saita shi a kan digiri 24, kamar yadda Cibiyar Tattalin Makamashi ta Saudiyya ke ba da shawara. Akwai wani camfi da ya kama mutanenmu, wai idan an shigo daga rana aka danna 16 ɗaki zai fi saurin yin sanyi. A mukayyif na gama-gari iskar da ke fitowa ɗaya ce. Abin da 16 ke yi kawai shi ne hana kwamfuresa hutawa, domin da wuya ɗaki ya sauka zuwa nan a watan Yuli. Ƙarshenta a kwana cikin bargo a tsakiyar bazara, a tashi da mura. Idan 24 ta yi wa wani zafi, a haɗa da fanka. Fanka ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na abin da mukayyif ke ci, iskar da take kaɗawa kuma na sa jiki ya ji kamar an rage digiri biyu ko uku. A nan za a sha gardama, musamman da samari. Uwargida ta riƙe rimot ɗin ɗakin yara a wajenta na ɗan lokaci, har jiki ya saba.

Daga nan sai filta. Ka kashe na'urar, ka ɗaga murfin gaba, ka zaro ragar nan. In ta daɗe ba a taɓa ta ba za ka tarar da ƙura ta yi mata kauri har ba a ganin haske ta cikinta. A wanke da ruwa kaɗan da tsohon buroshi, a shanya a inuwa ta bushe sarai, a mayar. Duk mako biyu a lokacin zafi, da kuma bayan kowace guguwar ƙura. Kafin bazara ta shigo a kira mai gyara ya wanke ɓangaren waje. Mukayyif na taga kuma ka duba gefe-gefensa da rana tsaka: duk inda ka hango haske, nan sanyinka ke fita. Soso da selotef na riyal kaɗan sun isa toshe shi. Ƙarƙashin ƙofa a sa tsohon tawul da aka naɗe. Tagar da ke fuskantar yamma a rufe ta da labule mai kauri tun azahar, kada a jira sai ɗaki ya ɗauki zafi.

Abu mafi sauƙi kuma mafi wuyar yi shi ne iyali su taru a ɗaki ɗaya da rana. Tsakanin azahar da la'asar, in kowa ya shige ɗakinsa da wayarsa, na'ura huɗu ke aiki saboda mutum biyar. A buɗe na falo kaɗai, a rufe sauran ƙofofin.

Ranar da sayen sabo ya kama, a dubi takardar nan mai launuka da hukumar SASO mai kula da ingancin kaya ta wajabta a liƙa: kore ya fi tattali, ja ya fi ci. Tsohon mukayyif na kasuwar haraji, wato kasuwar gwanjo, yana da araha ranar saye, amma kowane wata sai ya karɓi cikon kuɗinsa a fatura. Idan na mai gida ne, a yi masa magana lokacin sabunta haya, ba a tsakiyar Agusta ba.

Sauran kayan wuta ba sa buƙatar dogon zance. Ƙwan fitila a koma LED. Injin wanki a jira ya cika. Na'urar busar da kaya a ƙasar da riga ke bushewa kafin a gama shanya ta ƙarshe, ban ga dalilinta ba. Sakkan, wato tukunyar dafa ruwan wanka, a kashe shi daga bazara har kaka. Ruwan tankin rufi ya riga ya tafasa da rana, wanda ke cikin sakkan ɗin da aka kashe ma shi ne zai zame maka ruwan sanyi.

Ruwa

A 2019, da Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ta ƙaddamar da shirin Ƙaɗra, ta ce mutum ɗaya a Saudiyya na amfani da lita 263 a rana, burinta kuma a sauko zuwa 150 nan da 2030. Lita 263 ta haura jarka goma irin ta 'yan garuwa, kusan kura guda ke nan ta mutum ɗaya, kullum. Waɗanda ke zaune a saman duwatsun Makka suna jiran wayit, wato tankar ruwa, ya kawo musu ruwa sun san darajarsa. Matsalar tana imarorin da kuɗin ruwa ke cikin haya, inda ba wanda ke ganin fatura, ba wanda ke jin ciwo.

Ka fara da yoyo, domin shi ke zuba kana barci. Da dare, bayan kowa ya kwanta, ka ɗauki hoton mitar ruwa in kana da hanyar kaiwa gare ta, da asuba ka sake dubawa kafin a buɗe famfo. In ta motsa akwai inda ke zuba. Alama ta biyu dinamo ne, injin da ke tura ruwa zuwa tanki: idan kana jin ya tashi da kansa cikin dare ba wanda ya shiga banɗaki, wani wuri na shan ruwa. Wanda aka fi kamawa da laifi shi ne tankin masai. Ɗaga murfinsa, ka zuba rabin kofi na zoɓo mai kauri, ka bar shi kwata ɗin awa ba tare da an ja ba. In ka ga ja ya fara sauka cikin kwanon masai, robar ƙasan tankin ta mutu, canza ta kuwa ba ya kai kuɗin kaza ɗaya. Sai ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin rufi da na ƙasa. In ya lalace, ruwa ya yi ta ambaliya yana bin bango har titi. Wannan aikin mai gida ne, amma sai ka gaya wa haris, mai gadin imara, in bai yi ba ka sake gaya masa.

Sannan alwala. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Mudun nan bai kai lita ɗaya ba. Famfo a buɗe kuwa na iya zubar da lita takwas zuwa goma a minti guda, kuma yawancinsa na zuba ne lokacin da hannu ke kan fuska ko ana shafar kai. Maganin yana hannunmu tun daga gida: buta. A ajiye ɗaya a kowane banɗaki, a koya wa yara alwala da ita tun suna ƙanana. A masallaci kuma a buɗe famfo siriri, a rufe tsakanin gaɓa da gaɓa. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin famfo mai gauraya ruwa da iska, ana samunsa a shagunan kayan famfo, yana rage zuba sosai ba tare da an ji bambanci a hannu ba. Wanka da bokiti ma ba koma-baya ba ne.

Kada a manta da ruwan da mukayyif ke ɗigarwa. A Jidda da Yanbu, inda iska ke da laima, bokiti na iya cika a yini; a Madina da Riyad ba ya kai haka. A sa bututun cikin bokiti mai murfi, a yi goge-goge da shi, a wanke tsakar gida, a ba shuka. Ba a sha, ba a girki da shi. Kuma a juye shi kullum, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, Jidda da Makka kuwa sun san wannan ciwo. Ruwan wankin shinkafa da na ganye shi ma tukunyar shuka ce makomarsa. Wanke mota da tiyo a bakin titi a bar shi. Bokiti biyu da tsumma sun wadatar.

Tukunya da sufra

Nan ne abin ya fi taɓa mu, domin ya haɗu da karamci, karamci kuwa ba a wasa da shi a gidan Bahaushe. Binciken da Hukumar Hatsi ta Saudiyya ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin ɗari na abincin ƙasar na salwanta, kilo 184 ga kowane mutum a shekara, abin da ya kai kimanin riyal biliyan 40. Wanda ya taɓa tsayawa bayan ɗakin biki da ƙarfe ɗayan dare ya ga yadda ake naɗe sufra, shimfiɗar cin abinci, da tire guda na mandi, wato shinkafa da nama, nama ko taɓa shi ba a yi ba, a cusa a baƙar leda, ba zai yi musun lissafin ba. Alƙur'ani ya ce a ci a sha kada a yi ɓarna, a Suratul A'araf aya ta 31, duk mun haddace ta. Aiki da ita ne ya rage.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan shinkafa dai idon uwargida yakan ƙara kofi ɗaya "ko wani zai shigo". A ware kofi guda na awo. Mako ɗaya a riƙa lura da abin da ya rage a tukunya bayan kowa ya ƙoshi, mako na gaba a rage daidai wannan. Baƙo in ya zo, taliya ko ƙwai da gurasar tamis ba sa ɗaukar minti goma. A daina juye tukunya duka a tire. A zuba rabi, wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa. Abin da ya saura a tukunya abinci ne, wanda hannu goma suka shiga kuwa da wuya a sake cinsa.

Ragowa tana son gaggawa a wannan zafi. Dafaffiyar shinkafa kada ta wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje: a baza ta a faranti ta huce, a rufe, a sa a firji, in za a ci a ɗumama ta har ta yi tururi. Fara wadda ba mai a cikinta tana komawa tuwon shinkafa, ko a zuba ta cikin ƙullun masa. Tuwon dare ɗumamen safe ne, ƙanzo kuma a shanya shi a adana, iyayenmu ba su taɓa zubar da shi ba. Burodi da tamis da suka bushe a tara su daban a jakar da iska ke shiga don kada su yi fumfuna, a kai akwatunan da ake ajiyewa a unguwanni saboda masu dabbobi. Man suya da ya gaji a juye a gora a rufe, kada a zuba a magudana, shi ke toshe bututun imara.

Biki da suna da walimar dawowa daga Arfa suna buƙatar shiri tun kafin ranar. Akwai ƙungiyoyin adana ni'ima a manyan birane, da Bankin Abinci na Iɗ'am da ya samo asali daga Dammam, waɗanda ke zuwa su kwashe abincin da ba a taɓa ba su raba wa mabuƙata. Amma sai an sanar da su da wuri, ba bayan an tashi ba. In taron ƙarami ne, a tanadi robobi, a naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan. Za a samu wata gwaggo ta ce, "Haba 'yar nan, so kike a ce mun yi rowa?" Amsar ita ce, "A'a Gwaggo, tire biyu za a fitar, na uku yana kicin a rufe, in an cinye a kawo." Yawanci na ukun ba ya fitowa, sai ya tafi gidajen maƙwabta da ma'aikatan shara da zafinsa. Irin wannan tsari ne aka yi wa naman hadaya tun 1983, da aka damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi aikin yanka da daskarewa da rabawa. Kafin nan nama mai yawa a Mina yake lalacewa. Azumi kuma, wanda ya kamata cefane ya ragu, shi ne watan da shara ke ƙaruwa. Kala biyu a buɗa-baki sun isa.

Gora, leda da sauran tarkace

Ƙananan gorunan ruwa su ne annobar gidajenmu. Katan-katan ake saye, yaro ya kurɓa sau biyu ya ajiye, ba wanda ya san ta wane ce, sai shara. A koma babbar gora mai lita 19 da ake mayarwa a canzo, ko a ɗaura matata a kicin in mai gida ya yarda, kowa kuma ya mallaki gorarsa ta ƙarfe. In taro ya sa dole an raba ƙanana, a ajiye alƙalami kowa ya sa alama a tasa, ragowar a tara a bokiti don shuka. Na Zamzam kam a shanye.

Sufrar leda da kofin roba da cokalin roba a bar su sai ranar babban taro. Ledar cin abinci mai kauri da ake gogewa tana shekara. A ajiye jakar cefane biyu a mota, domin wadda aka bari a gida ba ta da amfani, kuma a koyi ce wa mai bakala ba a son leda idan madara ɗaya aka saya.

Shara a raba ta ko da unguwar ba ta da akwatuna masu launi. Gwangwani da kwali a ɗaure su daban a ajiye gefen akwati. Akwai masu sayensu, kuma an hutar da wani tonon ƙazanta. Fasasshen gilashi da allura da reza a naɗe su da kwali, hannun mutum ne zai ɗauka. Takarda mai sunan Allah tana da akwatinta a bakin masallatai. Tufafi masu kyau a bayar ko a sa cikin kayan da za a aika gida, harami kuma a wanke a adana don Umara ta gaba, in ya tsufa ya zama tawul. Kujera da kabad da gado, kafin a nufi sabo a leƙa kasuwar haraji irin Sawarik ta Jidda. A kayan katako tsoho ba ya cin wuta.

Mota da itace

Fetur ɗin 91 na kan riyal 2.18 tun da aka tsayar da farashinsa a Yulin 2021, arahar ce ta sa ake barin mota a kunne a ƙofar masallaci ko bakala don kada ta yi zafi. A kashe ta. A sa abin kare rana a gilashin gaba, in an dawo a sauke tagogi na ɗan lokaci zafin ya fita kafin a kunna sanyi. Iskar taya a duba ta duk wata da sassafe. Cefanen mako a haɗa shi fita ɗaya, yaran maƙwabta da ke makaranta ɗaya su tafi a mota ɗaya. Tsakanin Makka da Jidda da Madina akwai jirgin ƙasa na Haramaini mai aiki da lantarki tun 2018, cikin Makka akwai motocin bas na birni tun 2022, Riyad kuma jirginta na cikin gari ya fara aiki a Disambar 2024. Masallacin unguwa da ƙafa ake zuwa, in ba tsufa ko ciwo ba.

Da hunturu, in an fita daji shan shayi da gashi, a sani doka ta hana sare itatuwan ƙasar irin samur da gada, ta hana sayar da itacensu da gawayinsu, tarar kuma mai nauyi ce. Gawayin da aka shigo da shi daga waje ko ƙaramin murhun gas shi ne mafita, masu tsire ma haka. A tafi da jakar shara a dawo da ita cike, domin raƙuma da awaki na haɗiye leda ta kashe su. Cikin iyakar Harami kuwa tun asali shari'a ta hana sare itacen da ya tsiro da kansa.

Shuka ba sai da fili ba. Na'ana'a da rama da ɗanyen barkono na yi a tsohon bokitin fenti da aka huda ƙasansa, a baranda mai samun ranar safe. Zogale na jure zafi in ya samu tukunya mai zurfi. Mai tsakar gida ya nemi izinin mai gida ya dasa darbejiya nesa da bango da tankin ƙasa. Irinta ce ke yi wa alhazai inuwa a filin Arfa. Ban ruwa da magariba ko bayan asuba, ba da rana ba.

Idan za a tafi gida hutu ko wata doguwar tafiya, a fara cinye abin da ke firiza tun saura mako biyu, ragowar a ba maƙwabta, a kashe firjin a bar ƙofarsa a ɗan buɗe. A rufe babban makunnin ruwa da kan tukunyar gas, a kashe sakkan da dinamo, a zare duk wani abu daga soket, a kife bokitai saboda sauro. Tukwanen shuka a kai wa maƙwabciya. A ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa kafin a kulle ƙofa, a kwatanta da abin da aka tarar ranar dawowa.